Igiya Ta Kaya Ce

Ranar da aka fara ɗaura wa Uwaisu kayan hawa, a bayan motar aiki a wani layi na unguwar Camberwell a Landan, sai da Dalyop direba ya yi dariya har ya dafa ƙofar mota. Ga wando mai kauri kamar an ɗinke barguna biyu, ga takalma masu bakin ƙarfe da suka haɗiye ƙafa har ƙwauri, ga hular kwano mai marfin kunnuwa da ragar fuska. A kan wannan duka aka ɗora ɗamarar hawa, wadda ta zagaye ƙugu ta ratsa cinyoyi, ƙugiyoyin ƙarfe na ta kacau-kacau a jikinta. Uwaisu ya ɗaga ƙafa ya ajiye, ya sake ɗagawa, sai ya ji kamar ƙafafun wani aka ara masa.

"Yanzu da wannan lodin ake so mutum ya hau bishiya?" in ji shi. "Ai ko jaki aka yi wa haka sai ya kwanta."

Katung bai yi dariya ba. Ya durƙusa ya ƙara tsuke masa maɗaurin cinya, ya fizgi ɗamarar ya ga ba ta zame ba, sannan ya miƙe. Mutumin Kagoro ne, gajere mai faɗin kafaɗa. Ya daɗe yana aske bishiyoyin Landan, kuma shi ne babban mai hawa a ɗan kamfanin da suke wa aiki.

"Wandon nan, in zarton inji ya taɓa shi, zaren da ke ciki ne zai shaƙe injin kafin ya kai ga nama," ya ce. "Hular kuma kanka take tsaro, in akwai abin tsarewa a ciki. Ka saba da su, Yarima."

Yariman nan tsokana ce, amma tana da tushe. Mahaifin Uwaisu shi ne Sarkin Zuma na ƙauyensu a ƙasar Ikara, mutumin da ya rataye amya a kan kusan kowace ɗorawa da ke tsakanin gari da rafi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun Uwaisu yana ɗan mitsitsinsa yake bin tsohon sama, ƙafa ba takalmi, yatsun ƙafarsa na damƙar ɓawo kamar na hannu. Suna hawa da igiya, amma a kafaɗa take, aikinta ɗaga amya da sauke ta. Sau ɗaya tak Uwaisu ya taɓa ɗaura ta a ƙugunsa, wata rana da reshe ya yi masa tsawo. Tsohon bai yi faɗa ba. Ya sauko da shi ya kai shi gaida wani maƙwabcinsu mai suna Awal, wanda ya yi shekara da shekaru a kan tabarma ƙafafunsa a shanye, saboda ya taɓa jingina da igiyar rama a saman kuka ta tsinke.

"Ka gan shi ko?" in ji tsohon a hanyar komawa gida. "Igiya ta kaya ce, ba ta mutum ba. Ƙafarka ce kaɗai ba za ta ci amanarka ba. Duk ranar da ka ba igiya nauyinka, ranka ka ba ta."

Maganar ta shiga jikin Uwaisu ta zauna, ba kunnensa kawai ba. Kuma tsohon bai yi ƙarya ba, irin igiyar da ya sani ke nan.

Landan kuwa matarsa Murja ya biyo, bayan ta samu aikin jinya a babban asibitin Camberwell. Aikin da ya fara samu shi ne jan rassa a ƙasa yana cusa su a injin niƙa itace. Wata rana siririyar igiyar da ake jefawa sama ta maƙale a kan wata bishiya. Ana cikin shawarar yadda za a yi, Uwaisu ya tuɓe takalmi ya haye ya warware ta ya sauko, yana murmushi yana jiran yabo. Mai kamfanin, wani Bature mai saurin jan fuska, saura ƙiris ya kore shi nan take. Katung ne ya shiga tsakani, ya ce mai hawa irin wannan ba korarsa ake yi ba, koyarwa ake kai shi.

Katung na da dalilinsa. Ƙa'idar aikin ita ce ba mai hawa da zarto sai akwai wani a ƙasa sanye da kayansa, wanda zai iya hawa ya sauko da shi in tsautsayi ya faɗa. Wanda ke yi wa Katung wannan tsaron ya koma wani kamfani. Dalyop kuwa gwiwarsa ta daɗe da yin murabus, ko matakalar bas sai da lallami yake hawa.

Hawan kansa bai ba Uwaisu wahala ba, ƙulle-ƙullen igiya ma nan da nan ya haddace su. Ko saukowa a jikin igiya yakan cije haƙori ya yi, muddin jikin bishiyar na kusa da hannunsa. Inda gizo ke saƙar shi ne tafiya a kan reshe. Rassan bishiyoyin Landan dogaye ne, suna miƙewa a kan rufin gidaje da tituna, kuma mai rage su dole ya taka har can inda suka sirance. Yadda ake yi, mutum ya rataye igiyarsa a ƙololuwa, ya sauko kan reshen, ya juya gefe, ya kwantar da jikinsa baya a kan iska har igiyar ta miƙe tamau ta ɗauke nauyinsa. Ƙafafu tura reshen kawai suke yi. A haka zai riƙa sakin igiyar kaɗan-kaɗan yana matsawa, ko ƙafa ta zame ba inda za shi.

Katung ya nuna masa ya fi a ƙirga, ranakun Asabar, a kan wata tsohuwar bishiya a filin shaƙatawa. Uwaisu sai ya ce to, ya hau, ya taka reshen a tsaye ƙyam, hannuwa a buɗe, igiyar na reto a bayansa kamar ba tasa ba.

"Yarima, igiyarka ta yi ciki!" Katung zai ƙwala masa daga ƙasa. "Ka ja slack ɗin nan! Ka zauna a cikin harness, ba don ado aka ɗaura maka ɗamarar nan ba!"

Sai ya ja ta ta miƙe, don a zauna lafiya. Amma miƙewar ganin ido ce. Nauyinsa na nan a kan ƙafafunsa, yatsunsa na laluben reshen daga cikin takalmi suna kama ƙarfe. Da ya fara sakin jiki baya sai ya hango Awal a kan tabarma, ya dawo tsaye ba shiri. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, ga shi kuma Uwaisu ba wawa ba ne, amma turken ya riƙe shi.

Murja ce ta fara lura da faratan ƙafarsa sun yi baƙi, wata yamma yana alwala.

"Malam, takalman nan sun matse ka ne? Ai sai a yi changing ɗinsu."

"Daidai suke. Ƙafar ce ba ta jin komai a ciki. Kamar a rufe wa mutum ido ne a ce ya zura zare a allura."

"To ka gaya wa Katung mana."

"In ce masa me? Ɗan Sarkin Zuma na tsoron reshe?"

"Ba reshe kake tsoro ba," ta ce, ta miƙa masa tawul. Ta san labarin Awal, shi ya ba ta da bakinsa tun suna gida.

Ya ci jarrabawar hawa da ta ceto a lokacin zafi, bishiya a bushe, reshen gajere, mai jarrabawar na ƙasa yana ganin igiya a miƙe. Ƙarfin damtse da sabon ƙuruciya ne suka fitar da shi. Aka taya shi murna, Dalyop har da sayo tsire daga Peckham. Sai da suka rage su biyu a cikin mota Katung ya kashe rediyo.

"Oga ya tambaye ni ko ka isa ka zama rescue ɗina, mai cetona a ƙasa," ya ce. "Na ce masa ka isa."

"Na gode, Yaya."

"Ba godiya nake nema ba. Ni na san abin da ka yi a exam ɗin nan, ina da ido. Amma na ce masa ka isa, don na san za ka gyara. Matata Tina ma ta tambaye ni wa ke tsaya mini yanzu, kullum in zan fita sai ta yi addu'a a bakin ƙofa. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ɗan gida ne a ƙasa." Ya juyo ya dube shi. "Ranar da na maƙale a ƙarshen reshe, ba oga zai zo ba, ba Dalyop ba. Kai ne. Ka ji?"

"Na ji. In sha Allahu zan gyara."

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Sai dai aiki ya yi yawa, Asabar ɗin koyo ta zama ta hutu, ƙananan bishiyoyin da ake ba shi kuwa ba su da rassan da za su tona masa asiri. Kullum Katung ya hau, Uwaisu na ƙasa cikin kayansa yana ɗaga kai, zuciyarsa na roƙon Allah kada a nemi abin da ba shi da shi. Tsoron nan ya bi shi har cikin salla. Ya sha yin niyyar cewa a koma filin shaƙatawa, sai girman kai ya ce masa bari sai mako mai zuwa. Makonnin suka yi ta zuwa suna wucewa har ganye ya zube.

Ranar da abin ya faru yayyafi aka tashi da shi, irin na ƙarshen shekara wanda ba ya jiƙa mutum lokaci ɗaya kuma ba ya ɗaukewa. Aikin a bayan wasu benaye ne na gwamnati, wata ƙatuwar bishiya mai ɓawo dabbare-dabbare, wadda babban reshenta ya miƙe a kan rufin garejin mazauna wurin. Katung ya hau, ya bar igiya ta biyu a rataye saboda mai ceto kamar yadda ya saba, ya taka reshen a kishingiɗe har ƙarshe. Ya ɗaure kansa da gajeriyar igiya a jikin reshen, ya ta da zarto.

Uwaisu na jan wani reshe zuwa inji ya ji kukan zarton ya canza, ya yi wani gurnani ya mutu. Ya ɗaga kai. Zarton na reto a ƙugun Katung, shi kuma ya zame daga kan reshen yana rataye a gefensa, hannunsa na dama ya damƙe na hagu a ƙasan gwiwar hannu. Wani abu na ɗiga a kan rufin garejin, kuma ba ruwan sama ba ne.

"Yarima!" Katung ya ƙwala. "Ya kama ni a hannu! Ba zan iya saki ba!"

"Yesu!" in ji Dalyop, yana zaro waya. "Ina kiran ambulance. Hau, Uwaisu, hau!"

Ya hau. Wannan kam ba a koya masa ba, ko Katung bai taɓa kaiwa sama da irin saurin nan ba. Ya tsaya a gindin reshen inda ya rabu da uwar bishiya, igiyarsa a maƙale a ƙololuwa yadda ya kamata, jakar kayan tsayar da jini a ƙugunsa. Komai daidai. Sai ya dubi reshen.

Dogo ne, baƙi wuluk da ruwa, ƙasansa ba komai sai rufi da kankare. Ya ɗora takalmi ɗaya, bai ji komai ba, kamar ya taka da guntun itace. Ya ja igiyar ta miƙe, ya juya gefe, ya fara sakin jiki baya. Nan take muryar tsohonsa ta cika masa kunne. Ya dawo tsaye yana haki. Ba a fafe gora ranar tafiya, ga tafiya ta zo, ga gora ko tsaga shi ba a yi ba.

Daga nan jikinsa ne ya yanke shawara, bai tambayi hankalinsa ba. Ya zauna a gindin reshen ya hau kwance takalma. Igiyoyinsu dogaye ne, sun jiƙe sun ƙulle, yatsunsa kuma sanyi ya sandarar da su. Dalyop na ihu daga ƙasa yana tambayarsa me yake yi, bai ko dube shi ba. Ya fizge ɗaya ya jefar, ya fizge ɗayan, ya zare safa. Sannan ya saki igiyar hawan da yawa don kada ta riƙa jan sa baya, ya miƙe tsaye, ya buɗe hannuwa.

Da tafin ƙafarsa ya taɓa itace sai ya ji ya dawo gida. Ya taka, ya sake takawa, yatsunsa na kamawa, har zuciyarsa ta fara ce masa ai ga shi nan. Amma ɗorawar Ikara ɓawonta kaushi ne, rana ta gasa shi. Wannan kuwa sulɓi ne da shi, ga gansakuka ta kwanta a kai ta sha ruwa. Wajen tsakiyar reshen ƙafarsa ta dama ta tafi, ta hagu ta bi ta.

Ya ga sama, ya ga rufi, ya yi salati. Igiyar da ya saki da hannunsa ta bar shi ya faɗo iya tsawon da ya ba ta, sannan ta fizge shi a ƙugu har numfashinsa ya ɗauke. Ta yi lilo da shi ta maka shi da jikin bishiyar. Kansa ne ya fara isa. Ya ji ƙarar hular kwanon ta tsage a gefen kunnensa, duniya ta yi fari, ta dawo.

Yana nan rataye, hannu ba ya riƙe da komai, ƙafa ba ta taka komai. Ya ɗaga ido ya bi igiyar da kallo har ƙololuwa. Tana nan a miƙe, ko gezau.

"Uwaisu!" Dalyop kuka yake yi sosai. "Ya daina magana! Katung ya daina magana!"

Ya ja jikinsa ya koma gindin reshen, kafaɗarsa na zogi, bakinsa cike da ɗanɗanon jini. Duk abin da ya yi ya tashi a banza, yana nan inda ya fara. Ya ja igiyar har ta yi tamau, ya juya gefe, ya ce bismillahi, ya kwanta baya a kan iska. Ɗamarar ta rungume ƙugunsa ta ɗauke shi. Ya tura reshen da ƙafa, ya saki kaɗan, ya matsa. Ƙafarsa ta zame a daidai wurin ɗazu, bai je ko'ina ba, ya mayar da ita ya ci gaba. Abin da ya fi ci masa rai, har a wannan halin, shi ne sauƙin abin. Ashe iyakarsa ke nan.

Ya tarar da Katung kansa ya langaɓe, leɓɓansa sun yi fari, hannun daman ya saki raunin. Idonsa a buɗe yake kaɗan. Uwaisu ya zaro maɗaurin tsayar da jini ya zura a damtsen hagu, ya murɗa har zubar ta tsaya, Katung ya yi wani nishi mai ban tausayi.

"Yaya, na zo. Ga ni nan. Kada ka yi barci."

Ya haɗa ɗamarar Katung da tasa da ƙugiya, ya kwance gajeriyar igiyar da ta riƙe shi a reshen, ya rungumo shi a ƙirji. Suka bar reshen su biyu, ba mai riƙe da itace, igiyoyinsu suka sauke su sannu a hankali kamar yadda ake sauke amya cike da zuma. Ƙafarsa na taɓa kankare jiniyar motar asibiti na shigowa layin.

Asibitin da Murja ke aiki aka kai su. Aka duba kan Uwaisu aka ce hular ta yi aikinta, aka sallame shi. Ya zauna a barandar ɗakin tiyata cikin wandon aikinsa, ƙafarsa cikin wasu silifas na roba da wata ma'aikaciya ta ba shi. Da Murja ta samu sarari ta sauko ta zauna kusa da shi cikin kayan aikinta. Ta ce an tsayar da jinin, an ƙara masa wani, zai rayu, hannun ma ba za a yanke ba. Yatsun ne ba a sani ba ko za su sake damƙar wani abu.

"Murja, ki gaya mini gaskiya. Da na isa da wuri fa?"

"Zarto ne ya yanke jijiyoyin, Malam, ba kai ba."

"Jinin da ya zubar fa? Da na isa da wuri?"

Ta dubi silifas ɗin da ke ƙafarsa, ta dubi bango. "Allah ne masani," ta ce. Murja ba ta iya ƙarya ba, shi ya sa ta tsaya a nan.

Sai washegari da rana aka bar shi ya shiga. Tina na bakin gadon, doguwar mace mai tabarau, idanunta sun kumbura. Tana ganinsa ta miƙe ta zube a kan gwiwoyinta a gaban mutane, ta kama hannunsa da hannu biyu.

"Ɗan'uwa, ban san da bakin da zan gode maka ba. Dalyop ya ce har faɗowa ka yi, ka fasa helmet, ka sake komawa. Dama ya gaya mini akwai ɗan gida a ƙasa. Allah ya saka maka, Allah ya tsare maka iyalinka."

"Don Allah ki tashi, Madam," ya ce. "Don Allah." Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya shige.

Katung ya ce mata ta je ta samo masa shayi mai zafi, na asibitin ba ya shayuwa. Ta share ido ta fita. Ɗakin ya yi shiru, sai ƙarar wata na'ura a gadon kusa. Hannun hagun na kan matashi a naɗe, yatsun sun leƙo a kumbure, ba sa motsi.

"Dalyop bai gaya mata sauran ba," in ji Katung a hankali. "Na hana shi. Oga ma faɗuwar kawai ya sani."

"Yaya..."

"Ina ganinka, Yarima. Ina rataye ina ganinka. Na ga ka iso da sauri, na ce a raina, Tina, kin ga abin da na gaya miki. Sai na ga ka zauna. Ina jin hannuna na dama yana gajiya, ina kallonka kana kwance takalmi."

Uwaisu ya buɗe baki. Yana da maganar tsohonsa, yana da Awal da tabarmarsa, yana da ɗorawar Ikara, duk ya ga ba wanda zai iya ɗagawa ya ajiye a gaban wannan hannun. Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

"Ka yafe mini."

Katung bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba.

"Da ka faɗo," ya ce, "igiyar ta riƙe ka?"

"Ta riƙe ni."

"To."

Ya juya fuskarsa wajen taga ya rufe ido. Uwaisu ya tsaya har Tina ta dawo da shayin, ta sake yi masa godiya, ya fita.

Dalyop na jiransa a mota a bakin asibitin. Ya nuna masa ƙasan kujera da haɓa. Takalman ne, ya tsinto su a gindin bishiyar bayan sun kwana a cikin ruwa. Uwaisu ya ɗauko su ya zazzage, ya zura ƙafafunsa cikin sanyinsu, ya sunkuya yana ɗaure igiyoyin rami bayan rami har sama.

"Oga ya ce reshen nan na nan ba a gama ba, council, hukumar unguwar, na ta kira," in ji Dalyop. "Ya samo wani zai tsaya maka a ƙasa ranar Litinin. Ya ce in tambaye ka ko za ka iya."

"Zan iya," in ji Uwaisu.

Wannan karon gaskiya ya faɗa, kuma bai ji daɗin faɗarta ba ko kaɗan.